Yadda Ake Raba Tallafin Kuɗi na Gaggawa ga Gidajen da Fara Ta Cinye wa Amfanin Gona

Wanda bai taɓa shiga gonar gero washegarin saukar fara ba, da wuya ya gane dalilin da yake sa manomi ya tsaya a bakin kunya ya kasa magana. Kara yana nan tsaye, gida yana nan, rumbu bai rushe ba, amma ganye ya tafi, zangarniya kuma tamkar an sussuke ta. A ranar babu wanda zai kwana da yunwa a gidan, domin akwai ɗan sauran hatsin bara ko abin da aka riga aka yanka. Wahalar tana zuwa ne a hankali: a fara da sayar da kaji, a koma kan akuyar uwargida, a ci irin da aka ware domin shuka, daga ƙarshe a jinginar da gona, maigida kuma ya shigo birni ci-rani tun lokacinsa bai yi ba. Amfanin tallafin kuɗi shi ne ya tare gidan tun bai gangara ba. Idan ya iso bayan an sayar da akuya an jinginar da gona, ya zama ihu bayan hari, komai yawansa.

Na daɗe ina wannan aiki tare da wata ƙaramar ƙungiyar taimakon al'umma a cikin birnin Kano, muna fita ƙauyuka idan fara ko tsuntsayen jan-baki ko ambaliya sun yi ɓarna. Abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da muke ɗora sabon ma'aikaci a kai kafin mu bar shi ya jagoranci fita.

Abin da ya kamata ka sani game da farar kanta bai da yawa. Farin ɗango na hamada su ne masu tafiya cikin babbar runduna, kuma a ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya tana ɗauke da fari miliyan 40 zuwa 80, tana cin abincin mutum kusan 35,000 a yini guda, tana kuma iya tafiyar kilomita 150 a rana. Su ne suka shiga Muritaniya da Mali da Nijar a 2004, suka haɗu da ƙarancin ruwan sama, har aka shiga yunwar 2005 da ta addabi yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa. Su ne kuma suka mamaye gabashin Afirka a 2020, inda Kenya ta ga abin da ba ta gani ba cikin shekara 70, har Bankin Duniya ya ware dala miliyan 500 a watan Mayun shekarar, wani kaso na kuɗin kuma ya tafi ne wajen biyan magidanta kai tsaye. A ƙasarmu ta Kano an fi fama da fara ta gida, wadda take ƙyanƙyashewa bayan ruwan farko ta ci shuka tana ƙarama, ko ta dawo kan gero bayan ya fitar da kai. Ga mai rabon tallafi bambancin da ke tsakaninsu ɗaya ne: farin ɗango sukan share gari gaba ɗaya, ta gida kuwa takan ci gonar wani ta tsallake ta maƙwabcinsa, don haka tantancewa ta fi wahala.

Kayan aiki da mutanen da ake buƙata

Abu na farko shi ne kuɗin kansa, kuma ya kasance ya riga ya shiga asusun ƙungiya. Kada ka rubuta sunan mutum ko ɗaya a kan alkawarin mai bayarwa, domin ranar da ka buɗe littafi a ƙofar gidan mai unguwa, mutane sun fara cin bashi a kan kuɗin da suke sa ran samu.

Sai takardu: shaidar rajistar ƙungiya, wasiƙar gabatarwa zuwa ga ƙaramar hukuma da hakimi, da fom ɗin rajistar gidaje. Mu muna cike fom a waya da manhajar KoboCollect, saboda tana aiki ko babu sabis, sai an dawo gari a tura. Idan babu wayoyin da za su ɗauka, babban littafi mai layi ya wadatar, da sharaɗin a rubuta kwafi biyu, ɗaya ya kwana a ofis.

Ana buƙatar kati mai lamba ga kowane gida, wanda za a yaga biyu, rabi a hannun mai karɓa, rabi a wurinku. Ana buƙatar tawadar dangwale, batirin ajiye caji, lasifikar hannu, tabarmi, ruwan sha, da tef ɗin auna dantsen yara. A ware layin waya guda na ƙorafi kawai, kuma kada ya kasance a hannun wanda ya yi rajista.

Game da mutane, kada ayarin ya gaza huɗu, biyu daga ciki mata. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, kuma rabin gaskiyar gida tana wajen mai girki, ita ce ta san kwano nawa ya rage. Idan akwai rugage a yankin, a tafi da mai jin Fulatanci.

Mataki na 1: Ka ga ɓarnar da idonka, ka sanar da hukuma

Labarin fara yakan iso birni da ƙari ko da ragi, don haka gani ya kori ji. Ka fara da ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma, ka nemi malamin gonar yankin, wanda yake ƙarƙashin hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jihar Kano, KNARDA, domin shi ya san gonakin da aka ci da waɗanda aka yi wa feshi. Ka kai wasiƙa ga hakimi, shi zai haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da masu unguwanni. Ka kuma sanar da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, SEMA, domin kada ku haɗu da wata ƙungiya a gari ɗaya alhali garin da ke gaba babu wanda ya leƙa.

A kowane ƙauye ka taka gonaki aƙalla ta fuskoki uku, kada ka tsaya a waɗanda ke bakin hanya, kuma kada ka bi waɗanda mai rakiya ya zaɓa maka kaɗai. Ka ɗauki hoto, ka tambayi mai gonar dami nawa ya saba samu a shekarar da aka yi albarka da kuma nawa yake sa ran ɗaurewa bana. Manomi ba ya lissafi da kaso cikin ɗari, amma idan ya ce maka bara dami 40 ya ɗaure, bana ko 8 ba zai haɗa ba, ka sami abin rubutawa.

Tun a wannan fitar ka yi wa mutane gargaɗi a kan farar da aka yi wa feshi. Fara abinci ce a wurinmu, ana soya ta da yaji ana sayarwa har cikin birni, kuma gidan da ya rasa gero yakan so ya mayar da hasara da kamun fara. Wadda ta sha magani guba ce ga mai ci da ga kaji da awaki, saboda haka a roƙi limami ya faɗa a masallaci.

Mataki na 2: Ka duba kasuwa kafin ka yanke cewa kuɗi za a bayar

Kuɗi yana amfani ne inda akwai abin saye. Ka shiga kasuwar da mutanen garin suke ci a ranar cinta, ka tambayi masu awo uku ko huɗu farashin kwanon gero da dawa da masara da wake, ka tambaye su daga ina suke saro kaya da kuma kwana nawa mota take yi kafin ta kawo musu. A mafi yawan ƙasar Kano amsar tana da sauƙi, domin kasuwar Dawanau tana kusa, hatsi kuma yana shigowa daga jihohin da fara ba ta taɓa ba. Idan ka tarar hanya ta yanke, ko mai awo ɗaya ne tak a garin wanda zai iya ɗaga farashi yadda ya ga dama ranar da ya ji an yi rabo, to a raba hatsi a zagayen farko, ko a haɗa rabi hatsi rabi kuɗi.

Ka rubuta farashin dabbobi ma. Idan awaki sun cika kasuwa farashinsu yana faɗuwa alhali na hatsi yana hawa, gidaje sun riga sun fara sayar da abin hannunsu, kuma lokacinka ya ƙure.

Mataki na 3: Ka yanke adadin kuɗi da lokutan biya

Kada a raba abin da ke asusu da yawan mutanen gari a ce kowa ya sami rabonsa, domin ƙarshenta kowa zai karɓi kuɗin cefanen kwana uku, babu akuyar da aka ceta. Daga tukunya ake fara lissafi. Ma'aunin da masu aikin agaji suke bi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana, wanda a aikace yake nufin kimanin giram 400 na hatsi tare da ɗan wake da mai da gishiri. Gida mai mutum 7 yana buƙatar wajen kilo 84 na hatsi a wata, wato ya kusa buhu guda mai kwano 40. Ka ɗora farashin da ka samo a kasuwa a kan wannan, ka ƙara na wake da mai, da kuɗin niƙa, da sabulu, da kuɗin mota zuwa kasuwa, da cajin mai POS. Daga nan ka cire abin da gidan zai iya samar wa kansa ta ƙwadago ko ɗan abin da ya tsira a gona. Abin da ya rage shi ne giɓin da tallafin zai cike. Idan kuɗin bai isa kowa ba, a rage yawan gidaje, kada a rage adadin har ya zama ba ya tsare komai.

Lokacin biya shi ne abin da sababbin ma'aikata suka fi yin sakaci da shi. Hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka ƙare sabo kuma bai nuna ba. Kuɗin da zai sayi buhu a Nuwamba ba zai saye shi a Yuli ba. Don haka nake ganin zagayen farko ya fita cikin mako huɗu daga ranar da aka tabbatar da ɓarna, ya kuma fi sauran kauri, domin gidan ya sayi hatsi ya ajiye tun yana da sauƙi. Zagaye na biyu ya zo da bazara, gab da saukar ruwa, saboda iri da taki da kuma dawo da maigida daga ci-rani. Idan da hali, na uku ya faɗo a tsakiyar damina. Wanda kuɗinsa na zagaye ɗaya ne kawai, ya bayar da kaka.

Idan a cikin kuɗin akwai zakka, a ware ta a lissafi dabam, domin masu cin ta an ƙayyade su a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma a nemi shawarar malami kafin a taɓa ta da sunan kuɗin mota ko na aiki.

Mataki na 4: Sharuɗɗa da kwamitin gari

A nan aikin yake tsayawa ko ya rushe. Kafin a ambaci sunan kowa, a tara gari, maza a dandali, mata a gidan mai unguwa ko makarantar Islamiyya, a tambaye su da bakinsu wane irin gida ne ba zai kai damina ba idan ba a taimaka masa ba. Kusan kullum amsar takan faɗa kan waɗannan: gidan da ya rasa fiye da rabin amfaninsa kuma ba shi da wata sana'a, gidan da mace take riƙe da marayu, tsofaffin da ba su da mai noma musu, gidan da ke da naƙasasshe ko majinyaci, da mai ƙananan yara da yawa ko mai juna biyu. Idan sharuɗɗan daga bakinsu suka fito, su za su kare su ranar da rigima ta tashi.

Akwai mutane iri uku da ake yawan mantawa, sai ka tuna da su da kanka. Na farko 'yan ƙwadago, waɗanda ba su da gona amma da yankan gero da ɗaurin dami na wasu suke ci, idan babu girbi babu aikinsu. Na biyu masu aron gona ko haya, domin idan aka bi sunan mai ƙasa, kuɗin zai tafi wurin wanda yake zaune a birni. Na uku makiyaya, saboda fara ba ta bambanta gero da ciyawa, kuma ruga ba ta cika shiga lissafin mai unguwa ba.

Kwamitin tantancewa ya ƙunshi mutum biyar zuwa bakwai waɗanda taron ya zaɓa, a ciki har da mata biyu da wakilin ruga. Dagaci da mai unguwa iyayen ƙasa ne, a ba su girmansu, su buɗe taro, su zama shaida, amma kada a ɗora musu rubuta sunaye. Yin haka kariya ce gare su, domin duk wanda ya rasa zai je ƙofar gidansu ne, gara su sami abin cewa: jama'a ne suka zaɓa. Idan ka sami sunayen garin daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ta hannun ofishinta na jiha, ka yi amfani da su a matsayin mafari kawai, tunda ba domin ɓarnar fara aka rubuta su ba. Haka kuma kada ka karɓi takardar sunaye daga hannun ɗan siyasa, komai kyawun niyyarsa.

Mataki na 5: Rajista gida-gida

Ma'anar gida a wannan aiki ita ce mutanen da suke ci daga tukunya ɗaya. A cikin katanga guda kana iya tarar da tsoho da 'ya'yansa uku masu aure, idan gandu ɗaya suke nomawa rumbu ɗaya suke ɗiba, gida ɗaya ne mai mutane da yawa, idan kuwa kowa da murhunsa, gidaje huɗu ne. Rashin tsayar da wannan tun farko shi yake sa gida ɗaya ya karɓa sau uku, maƙwabciyarsu mai marayu ta tashi a tutar babu.

A rubuta sunan mai karɓa da na mahaifinsa da laƙabin da aka san shi da shi, domin a ƙauye guda za ka sami masu suna ɗaya su biyar. A rubuta unguwa, yawan mutanen gida, yara 'yan ƙasa da shekara 5, abin da aka shuka da abin da ya tsira, lambar NIN idan akwai, da lambar waya. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa kada a hana shi, a ɗauki hotonsa, mutum biyu na kwamiti su shaide shi, katinku mai lamba ya zama shaidarsa.

A kan lambar waya ina da abin faɗa. Wata shekara mun rubuta wata dattijuwa mai riƙon jikoki huɗu, ta ba mu lamba a rubuce a bayan kwalin ashana, muka tura kuɗi, takardunmu suka nuna an biya. Bayan mako biyu abokiyar aikina ta shiga gidan ta same ta tana tankaɗen dusa za ta yi tuwo da ita. Layin na wani ɗan ɗan'uwanta ne da ke aiki a birni, alat ya shigo masa, bai ce da kowa komai ba. Tun daga ranar, duk lambar da aka ba mu sai mun kira ta a gaban mai ita mun ji wayar ta yi ƙara a cikin gidan. Idan ba ta yi ba, mai sunan ya koma layin masu karɓa a hannu.

Ma'aikaciya ta tambayi matan gida a keɓe wanda suke so ya karɓa. Inda aka amince, na fi son sunan uwargida, domin kuɗin da ya shiga hannun mai girki ya fi saurin zama abinci, amma a yi shi da sanin maigida da yardarsa, kada tallafi ya zama sanadin fitina a ɗaki. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, a fayyace rabon kowane ɗaki gwargwadon yawan bakin da ke ciki. Ta kuma auna dantsen duk yaron da ke tsakanin wata 6 da shekara 5. Idan tef ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin matsananciyar tamowa, a tura shi asibiti a ranar, kada a jira ranar biya.

Bayanan da kuka tara amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanku. A gaya wa mutum abin da za a yi da sunansa kafin a rubuta, kada a tura jerin sunaye a zauren WhatsApp, kada kuma a saka hoton mai karɓa a Facebook ba da izininsa ba.

Mataki na 6: A karanta sunaye a bainar jama'a

A sake tara gari, a karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya da lasifika, ba tare da faɗin sirrin gidan kowa ba, a ba da kwana biyu ko uku domin gyara. A nan ne sunan wanda ya rasu bara, da na wanda ya koma birni da iyalinsa, da na mai shanu ashirin suke fitowa. Saboda mutane da yawa ba za su iya tsayawa gaban dagaci su ce an yi kuskure ba, a faɗi lambar ƙorafi sau uku, a kuma bar mace ɗaya ta zauna inda mata za su same ta. A ajiye gurbin gidaje kaɗan a kasafi domin waɗanda za a gano an tsallake.

Mataki na 7: Hanyar biya

Hanya uku ce. Turawa ta asusun banki ko asusun waya ita ta fi tsaro da sauƙin bincike, da ita aka biya magidanta da yawa a Somaliya a 2020, amma tana buƙatar mai karɓa ya mallaki layinsa, asusun yana haɗe da BVN ko NIN, akwai sabis, akwai kuma mai POS da ke da tsabar kuɗi a kusa. Ka tambayi banki iyakar abin da ƙaramin asusu yake iya karɓa a lokaci ɗaya, domin kada kuɗin ya maƙale. Ka tuna da farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, yadda mutum yake da kuɗi a waya amma ba ya iya sayen kwanon gero a ƙauye, cajin cirewa kuma ya yi tashin gwauron zabi.

Hanya ta biyu, wadda muka fi bi, ita ce a yi yarjejeniya a rubuce da wakilin banki ko babban mai POS ya zo garin da kuɗi ranar biya, ƙungiya ta biya cajinsa gaba ɗaya, mai karɓa ya tafi da kuɗinsa cif. Ta uku ita ce ku ɗauki tsabar kuɗi da kanku, kuma ba na ba da shawararta sai idan babu makawa. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mu'amalar tsabar kuɗi da ta wuce naira miliyan 5 ga mutum ɗaya ko miliyan 10 ga kamfani ko ƙungiya ba ta hanyar banki ba, ƙungiyoyi kuma suna rajista da SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram na hukumar EFCC, don haka ku daidaita takardunku da banki tun kafin ranar.

Mataki na 8: Ranar biya

A sanar da masu karɓa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ta bakin kwamiti, ba ta rediyo ba. Ranar ta kasance jajibirin kasuwar yankin, domin kuɗin ya zama hatsi kafin masu bin bashi da masu roƙo su kewaye shi. A zaɓi fili mai inuwa kamar makarantar firamare, mai ƙofar shiga dabam da ta fita, a fara da sassafe a gama kafin la'asar, kowa ya isa gida da rana.

Kafin a miƙa ko naira ɗaya, a ɗauki lasifika a faɗi adadin da kowane gida zai karɓa, a faɗi cewa kyauta ce ba bashi ba, babu wanda yake da kaso a ciki, ko ɗan kwamiti ko ma'aikaci ko mai POS. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma tsagewar da aka fi samu ita ce mutane ba su san nawa ne haƙƙinsu ba. A fara da tsofaffi da masu juna biyu da masu goyo, layin mata dabam. Tebur uku ake yi: na farko ya haɗa rabin kati da rabinsa ya duba hoto, na biyu ya ƙirga kuɗi a gaban mai shi ya sa shi ya sake ƙirgawa, na uku ya karɓi dangwale. Mutum ɗaya ya tsaya nesa kaɗan da ƙofar fita yana lura, domin a bayan katanga ake karɓar abin da ake kira na goro. Wanda ciwo ko tsufa ko takaba ta hana shi fitowa, mutum biyu su kai masa har gida a ranar tare da ɗan kwamiti. Kafin ku bar garin a haɗa lissafi: yawan dangwale, yawan rabin kati, da kuɗin da ya fita su zo daidai, a sa hannu a gaban shaidu.

Mataki na 9: Bin sawu

Bayan mako biyu a koma, wanda bai yi rajistar unguwar ba shi zai zaga ta. A zaɓi gida ɗaya cikin kowane goma ba tare da sanarwa ba, a tambaya nawa suka karɓa, ko wani ya nemi wani abu a ciki, me suka saya, sau nawa ake ɗora tukunya a yini, kuma ko an sayar da dabba ko an jinginar da gona tun bayan biya. Wannan tambaya ta ƙarshe ita take nuna ko kun zo a kan lokaci. Idan ka ji wani ya biya bashi ko ya sayi magani da wani kaso na kuɗin, kada ka ɗauke shi laifi, domin bashin mai awo da aka biya shi ne yake buɗe ƙofar wani awon a watan Yuli.

Duk ƙorafin da ya shigo a rubuta shi da ranarsa, a ba da amsa cikin mako guda, wanda ya shafi karɓar kaso ko cin zarafin mace kuma ya tafi kai tsaye wurin shugaban ƙungiya ba tare da an bayyana mai ƙorafin ba. A sake zagaya kasuwa a ɗauki farashi kafin kowane zagaye, idan kwanon gero ya tashi sosai a gyara adadin. A zagayen ƙarshe a gaya wa mutane ƙarara cewa wannan ne na ƙarshe, domin kada wani ya ci bashi yana jiran na gaba. Ko zagaye nawa aka yi, a miƙa wa malamin gona sunayen gidajen da suka cinye irinsu, tun ana sauran mako huɗu ko biyar ruwan shuka ya sauka.